Naman da Ya Kwana Don Baƙi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu huɗu a mota: direba, da wani jami'in gwamnati, da wata Baturiya, sai ni da aka ɗauko tafinta. Ƙungiyarsu ce ta haɗa hannu da hukumominmu aka gina wa wasu mahauta a Sakkwato ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana. An aiko ta ta duba ko aikin ya yi amfani, domin daga abin da ta gani za a san abin da za a ƙara musu.

Har Funtuwa ana hira. Daga Tsafe kuwa kowa ya yi gum, direba na tuƙi da hannu ɗaya yana jan carbi da ɗayan. Hanyar nan na sha bin ta ina barci a bayan babbar mota. Yanzu shingen jami'an tsaro ne bayan shinge, da gonakin da ciyawa ta cinye. A Talatar Mafara muka sayi fura. Kuɗinta ya yi ƙiba, ita ta rame.

Bayan azahar muka shiga Sakkwato. Na sha zafin Agadas, na sha na Omdurman, amma bazarar Sakkwato ba ta da sa'a. Na bar su a masauki wajen Sama Road, na hau keke napep, muka ratsa Gidan Igwai da hayaƙin masu tsire da hon ɗin 'yan kabu-kabu, har Ƙofar Dundaye. Can gidan shugaban mahautan yake, tsohon abokina da muka haɗu a aikin hajji.

"Bakano, kai anka aiko ka duba mu?" in ji shi, yana dariya. Sai da na ci balangu sannan dariyar ta ƙare.

Ya ce, "Alhaji, ɗakin ga wofi yake kwana. Mutumin Sakkwato da ya taɓa nama ya ji sanyi, sai ya ce kwantai ne, ya wuce gaba. Ruwa munka so. Tumbi da hanji duk da ruwan 'yan garuwa muke wanke su."

Na ce to me ya hana su faɗa tun farko?

"Haba Malam. Mutum ya taso daga wata duniya da kyauta a hannu, ka ce mishi ba ita kake so ba?"

Ashe duk sanda aka ce baƙi na tafe, sai su haɗu su yanka sa, su rataye shi a ɗakin ya kwana, don kada masu kyauta su ji kunya. Baƙi na juya baya a kai wa masu kilishi a kan asara. A ranar ma sun yanka. Na gaya masa abin da na ji a mota: in komai ya yi kyau, ɗaki na biyu za a gina. In yana son rijiyar burtsatse, gobe ce ranar faɗa, kuma daga bakinsa.

Ya ce, "In Allah ya so."

Da hantsi muka isa mayankar. An share, an yayyafa ruwa, an goge farantan sola. Aka buɗe ɗaki, ga cinyoyi a rataye, sanyi na busowa. Baturiyar ta yi murna ƙwarai, kuma ban ga laifinta ba. A Jidda da Dakar na ga mata na zaɓar nama daga firij ba wanda ya ɗaga gira. A ƙasarsu ma naman da bai yi sanyi ba shi ake tsoro. Abin da ta sani alheri ne shi ta kawo.

Ta ce in tambayi shugaban mahautan ko akwai abin da ke damunsu. Na tambaya, na ƙara da ƙyafta masa ido. Ya dubi mutanensa, ya dubi jami'in, ya dubi matar da ta ratso Zamfara don su.

"Hwaɗa mata lahiya lau. Mun gode, Allah shi saka."

Haka na fassara, domin haka ya ce.

A mota na zayyana mata komai, har da naman da ya kwana. Ta ce ta yarda da ni, amma masu ba da tallafi ba sa sauya shiri da maganar tafinta. Sai in masu amfana da kansu sun koka. Jami'in, wanda ofishinsa zai sha yabo da ɗaki na biyu, ya duƙufa a kan wayarsa. Na kira abokina na ce ga mu nan za mu dawo, kalma ɗaya kawai ake nema.

Ya ce, "Na riga na gode mata gaban jama'a. Da wane baki?"

Washegari da za mu fita gari muka bi ta gefen mayankar. 'Yan garuwa na tura kurarsu ciki, jarkoki na ɗigar ruwa, wani mahauci kuma na ɗora cinyoyin jiya a bayan babur.

Mun iso Kano kafin magariba lafiya, alhamdu lillahi. Na yi tafinta a ƙasashe da dama, ina ganin wuyar aikin ita ce harshe. Wannan tafiyar ta nuna mini ba haka ba ne. Su masu kyautar sun zo suna jiran a ce musu a'a in da a'a, mu kuma an raine mu a kan ba a mai da kyauta, ba a kunyata baƙo. Kowa ya yi abin da ya sani na mutunci, kuma ba wanda ya cuci wani.

Na ji an fara auna filin ɗaki na biyu. In an gama, shanu biyu za su riƙa yankawa.