Tuwon Sallar Mma Damata

Duk wanda ya zauna a lungunmu na unguwar Maamobi ya san Mma Damata mai koko da ƙosai. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya ne, Tawfiq, kuma shekara takwas ke nan da ya tafi Turkiyya karatun injiniya. Ni Nasiha, ɗakina na jikin nata, don haka ba labari aka ba ni ba.

Sallar farko da ya yi a can, ya bugo mata waya yana kuka. Ya ce burodi da shayi ya ci shi kaɗai a ɗakin makaranta. Ranar ko naman da maƙwabta suka aiko mata ba ta taɓa ba.

Da shekara ta zagayo, sai ta ɗauki gyale ta nufi unguwar Alajo, inda 'yan Nijar da Mali da Chadi ke zuwa koyon Turanci. Ta tsaya ƙofar makaranta ta gayyato duk wanda ta gani. Ɗalibi kuwa ba a yi masa tayin abinci sau biyu. Tun daga nan kowace Babbar Sallah tsakar gidanmu cika take yi, ga tuwo da miyar ayoyo, ga nama da soyayyen yajin nan namu, shito. Su yi ta surutu da Faransanci, ita tana zuba musu Hausa, ba mai jin wani. Haushi nake ji, don wasunsu ko sallama ba sa dawowa su yi mata. Ita ko a jikinta. Ta ce wanda ya ciyar da ɗan wani, wani zai ciyar da nasa.

Tawfiq ya gama karatu bara. Ya ce zai zo Sallar bana. Ta sa aka yi wa ɗakinsa fenti, ta sayi sabuwar katifa, ta gaya wa kowa a layin koko.

Ranar Sallah bayan azahar, baƙi na tsakiyar ci, sai ga kiran bidiyo daga Tawfiq, ashe yana can Turkiyya bai taso ba. Yana zaune a dogon tebur cike da abinci. Ya nuna mata abokansa ɗaya bayan ɗaya, wannan ɗan Sudan, wancan ɗan Indonesiya, suna ɗaga mata hannu.

"Mma, kar ka damu da ni," ya ce da Hausarmu ta Zongo, wadda ba ta raba mace da namiji. "Na samu aiki, na samu mutane. Nan ma gida ne yanzu."

Ta yi dariya, ta sa musu albarka har aka kashe wayar. Sannan ta shiga kicin, na bi ta. Na same ta zaune kan turmi, ludayi a hannu, hawaye na zuba.

Ta ce, "Nasiha, shekara takwas ina roƙon Allah kar yarona ya ci abinci shi kaɗai. Ya amsa mini. Ni ce ban taɓa roƙon ya dawo ba."

Daga waje wata yarinya 'yar Chadi ta leƙo da kwano, tana neman ƙarin miya. Damata ta share fuska da bakin gyale, ta miƙe ta zuba mata.