Lambar Maigida

Har yau idan na ji an ce waya ta sauƙaƙa wa talaka neman lafiya, sai raina ya ɓaci. Ƙanena yana da waya, kuma ba ta hana shi mutuwa ba.

Yaron wani dillalin raguna ne, ko da yake yaron nan da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah kare ya cije shi a ƙauri a bayan mayanka. Ni na ja shi zuwa kemis ɗin layinmu a Agege, yana ta cewa ƙwarzane ne kawai. Mai kemis ɗin 'yar Kudancin Kaduna ce, ta yi karatun magani sosai, kuma a lokacin an fara ba irinsu damar yin rigakafi. Ta wanke ciwon, ta yi masa allurar haukan kare, ta ce akwai saura, kuma kowace da ranarta. Kada ya damu da riƙe ranakun, in ji ta, manhajar da ke wayarta za ta tura masa saƙo. Sai ta nemi lamba.

Ya ba ta lambar maigidansa. Haka mutanenmu suke yi a Legas, wanda ya ɗauko ka daga gida shi ne adireshinka, ba da taka lambar kamar nuna ka fi ƙarfinsa ne. Ina tsaye a wurin, ban ga aibun abin ba.

Washegari maigidan ya kwashe yaransa zuwa Alaba Rago, inda kasuwar raguna ta fara ci. Ciwo ya kame, ƙanena ya ci gaba da jan raguna yana jiran a ce masa ya zo. Duk sanda na kira shi sai ya ce, "Yaya, ai ba su turo ba tukuna."

Bayan Sallah da wata guda ya fara zazzaɓi, daga nan ya koma ko kofin ruwa aka miƙo masa sai ya firgita. A asibiti suka ce an makara. Ba zan faɗi yadda ya ƙare ba.

Ranar sadakar uku mai kemis ta zo gaisuwa, na tare ta a ƙofa na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce mata da can da ba waya, ai da ƙafarta take biyo mutum har gida ta yi masa faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce saƙo ya tafi, da ta ga shiru ta kira lambar da kanta. Maigidan ne ya ɗauka, ya ce mata yaro ya warke, ana tsakiyar kasuwa, kada a ɗaga masa hankali.

Na leƙa waje. Ga maigidan nan a kan tabarmar gaba cikin babbar riga, shi ke karɓar gaisuwa, yana gaya wa mutane kwana ne ya ƙare. Na saɓa mayafi zan fita, mahaifiyarmu ta riƙe mini hannu.

"Ki rufa mana asiri," ta ce. "Shi zai ci da marayun."