Riɗin Baba a Gaban Kyamara

Shekara shida ina harkar fim, ni ne darakta, ni ne furodusa, wata ran har ni ne mai sayo wa ma'aikata ƙosai. Amma duk wanda ya tambayi mahaifina me nake yi a Kano, amsarsa ɗaya ce: ban sami aiki ba tukuna. Ba da fushi yake faɗa ba, cikin tausayi yake faɗa, har mutane su sa ni a addu'a. Wallahi abin yana ci min rai fiye da zagi.

Fim ɗina na huɗu labarin manomi ne, sai na ce ba inda za a ɗauke shi sai ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo. Ta bakin mahaifiyata na nemi aron gonar Baba, don ba ni da ƙarfin halin tunkararsa. Ya yarda, bisa sharaɗin mu yi wasanmu mu tafi, kada a taɓa masa riɗi. Lokacin an yanke riɗin, an ɗaure, an jingine dammunan a tsaye suna bushewa.

Jarumin da na ɗauko ɗan birni ne, hannunsa kamar auduga. Abin da na ce ya yi bai wuce ya ratsa gonar yana tunani ba. Sai basira ta motsa masa, ya sunkuci dami guda ya saɓa a kafaɗa, kan damin yana kallon ƙasa. Riɗi in ya bushe bakin kwansonsa a buɗe yake, nan take ya hau tsiyayewa cikin yashi. Ni kuma ɗan manomi, wanda ya tashi a gonar nan, ina kallon kyamara ina cewa ya yi kyau, ya ci gaba. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Baba yana gindin aduwa, wai gadin awaki ya zo yi. Ya taso bai ko kalli inda nake ba, ya tsaya gaban jarumin.

"Yaro, kana cin kantun riɗi kuwa?"

"Ina ci, Baba."

"To ka zubar da rabonka na bana. Kawo nan."

Ya sa aka shimfiɗa tamfol. Ya ɗauko wani damin a tsaye, ya rungume shi kamar jariri, sai da ya kai tsakiyar tamfol sannan ya juya shi, ya shiga bubbuga shi da sanda a hankali. Riɗi ya riƙa zuba a kan tamfol. Mai ɗaukar hoto, Allah ya yi masa albarka, bai kashe kyamara ba.

Da na zo haɗa fim ɗin na ga duk abin da muka ɗauka ba kamar wurin nan. Na sake bi ta hannun mahaifiyata neman izini. Ta dawo min da cewa ya ce shi ba wasa ya yi ba, aiki ya yi, mai son ganin aiki ya gani.

Fim ya fita, ya bi wayoyin mutane har Gumel da Gagarawa. Wata Alhamis Baba ya dawo daga kasuwar Maigatari yana mita, wai an hana shi cinikin rago, kowa sai ya tare shi ya ce ai shi ne mai riɗi. Mitar dai yake yi, amma sau uku ya ba da labarin kafin magariba.

Ban taɓa jin ya yaba fim ɗin ba, kuma ban tambaye shi ko ya kalla ba. Sai da ruwan shuka ya sauka ya kira ni a waya, shi da bai saba kirana ba. Muka gaisa.

"Bana zoɓo zan sa a gonar arewa," in ji shi. "In aikin naka zai buƙata, ka faɗa da wuri, in bar muku gefe guda."

Na ce to, Baba.