Dogo Mai Damtse Bai Ɗaga Motar Ba

Duk wanda ya san tashar manyan motoci ta Daura ya san Munzali mai fenti. Shi ke zane a bayan gingimari, kuma ba furanni da ɗawisu irin na kowa ba. Jarumi ya ƙirƙiro, Dogo Mai Damtse, wani ƙato mai jar hula da ke tare harsashi da tafin hannu. Labarin a jere yake yinsa, kowace mota da nata hoton. Yau ka ga Dogo ya shaƙe ɗan fashi a bayan motar gero, ranar kasuwa motar shanu ta shigo da ci gaban. Ko da Shari'a ta zo wasu masu motoci suka koma rubuta addu'a, direbobin Kongolam ta bakin iyaka ba su daina kawo masa aiki ba.

Sai ranar da wata motar shanu ta kife a hanyar Dutsi, shi da ƙanensa Kalilu suna zaune a sama. Munzali ya tashi ko ƙwarzane babu. Kalilu kuwa bodin motar ya danne shi, yana ta kiran "Yaya, Yaya." Munzali ya yi ta ɗagawa har faratansa suka ɓare. Da mutane suka taru aka ɗaga motar, muryar ta riga ta ɗauke.

Tun daga nan Dogo ya tsaya wuri ɗaya. Kowace mota aka kawo, hoton ke nan: gingimari a kife, Dogo a durƙushe ya sa kafaɗa, jijiyoyin wuya sun tashi, mota ko motsi.

"Haba Munzali," in ji Ya'u direba, "wannan wane irin mugun fata ne? In goya hoton haɗari in hau titi? Goge min shi!"

Ya goge ya sake, hannun ya koma inda ya saba. Aiki ya ƙafe. Matarsa Ikilima ta karɓo masa rubutu ya sha, ya gode mata, bai canza ba. Abin tausayi, mutumin da da ba ya rufe baki don barkwanci ya koma wuni yana kallon faratansa.

Maƙwabcinsa Ndubuisi, mai shagon kayan gyaran mota, shi ya gaji da gani.

"Malam Munzali, ga bangon shagona. Bango ba ya hawa titi. Amma don Allah ka bar mutumin nan ya ɗaga motar, ya wahala."

Munzali ya kama aiki, jama'a suka taru. Ga Dogo tsaye, gingimari a saman kansa, tayoyi na kallon sama. Direbobi suka ɗau shewa. Saura wani farin fili a ƙasa, daidai inda motar ta tashi. Munzali ya tsaya gabansa har fentin ya bushe a buroshi.

"Ƙarasa mana," in ji Ndubuisi.

"Idan ta ɗagu, dole in zana abin da na gani a ƙasa," in ji Munzali. "Idan ba ta ɗagu ba, Kalilu yana nan yana kirana."

Ya dama sabon fenti, ya shafe Dogon da ke tsaye, ya mayar da shi durƙushe, ya sauke masa motar a kafaɗa. Ndubuisi bai goge bangon ba. Kullum da safe Munzali kan zo da buroshinsa ya ƙara wa jijiyoyin wuyan ja, sannan ya zauna a gindin bangon yana sauraro.