Takardun Sabi'u da na bai wa mai tsire

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanena Sabi'u. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ban ji ba.

Ni a aji huɗu na bar firamare, na kama tuƙi tsakanin Ringim da Dutse. Shi ya yi karatun kimiyya har ya zama malami a jami'a. Na taɓa tambayarsa me yake bincike. Ya ɗauki ƙwaryar man shanun Inna, mahaifiyarmu, ya ce, "Yaya, wannan zafi ke narkar da shi, sanyi ya daskarar. Amma akwai sanyin da babu na ƙasa da shi. A can ma abu yakan sauya hali, ba don zafi ba, sai don an matse shi ko an kusanto masa da maganaɗisu. Yadda hakan ke faruwa nake bi."

Na ce, "A Jigawa, inda ƙanƙara sai an saya?" Ya yi dariya har da tari. Yau da zai ga firjin sola a shagunan unguwar Takur ta Dutse, na san cewa zai yi wannan ai ɗumi ne.

Bayan sadakar arba'in ni na share ɗakinsa. Takardun da aka buga da inji, masu tsafta, na adana a akwati, ina zuba toka a ƙarƙashi saboda gara. Waɗanda ya rubuta da fensir, duk gogewa da karce, na ɗauka shara ce. Buhu guda na bai wa mai tsiren bakin tasha.

Bara na kai akwatin wurin abokin aikinsa. Ya juya, ya juya, ya ce, "Malam, waɗannan aikin wasu ne, ko a waya ana samu. Ina nasa, na hannu?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara takwas ina gadin kayan mutane, na ɗan'uwana kuwa an naɗe nama da shi.

Littafi ɗaya ya tsira. Inna ce ta ɓoye shi cikin zannuwanta. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, ta dai san hannun ɗanta. Da na kai wa abokin nasa, ya ce rabin lissafi ne, kuma bai yi alkawarin zai iya ƙarasawa ba. Na bar masa shi duk da haka.

Allah Ya jiƙan Sabi'u. Har yau idan na sayi tsire, sai na warware takardar na duba.