Gwaggon da ban san sunanta ba

Shekara huɗu da suka wuce ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, ina zaune a Karshi saboda can ne haya ta yi daidai da aljihuna. A lokacin ina ji da kaina wajen wayo, ko tumatir zan saya sai na ja ciniki har mai kaya ya gaji ya sallama. Kamar yawancin abokan aikina masu mota, da safe nakan ɗauki mutum huɗu zuwa cikin gari, da yamma in kwaso wasu. Ba ma yarda a ce kabu-kabu muke yi, cewa muke rage wa mutane hanya, amma fa kuɗi muke karɓa.

Da na je yi wa motar cikakkiyar inshora, matar da ke cike fom ta tambaye ni ko ina haya da ita. Ta ce in ina ɗaukar fasinja kuɗin ya fi yawa, amma duk wanda ya ji rauni a ciki kamfani zai ɗauki nauyinsa. Na ce wace irin haya kuma, ni daga gida sai ofis. Na zaro katin aiki, na yi ta naci har aka yi min rangwame, na fito ina yi wa abokai burga.

Wata safiya cikin damina tayar gaba ta fashe a wata gangara, motar ta afka kwalbati. Fasinja uku suka fita da ƙujewa suka kama gabansu. Ta huɗun wata dattijuwa ce manomiya daga wani ƙauye a bayan Karshi, ƙafarta ta karye wuri biyu. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in aka yi jinkiri ana iya yanke ƙafar. Ba ni da abin biya, inshorar nan kaɗai na dogara da ita, kuma na san in suka gane ta biya kuɗin mota ko sisi ba za su bayar ba. Sai na rubuta a fom cewa gwaggona ce.

Kamfanin ya turo jami'in da ke tantance ɓarna, wani siriri mai tabarau da ba ya ɗaga murya. A gareji ya zagaya motar yana rubutu, ya buɗe aljihun gaba ya ga canji ɗaure da kyauro, ya mayar. Sai ya ce gobe zai so ya gaida gwaggo. Na kasa cin abinci, duk wayar da ta shigo sai in zaci 'yan sanda ne ko ogana a ofis. Na ruga asibiti na durƙusa ina roƙon dattijuwar ta ce ni ɗan ƙaninta ne. Ta ce ita da furfurarta ba za ta yi ƙarya ba, amma in ba a tambaye ta ba, ba za ta yi magana ba.

Washegari ya zo, ya rusuna ya gaishe ta da jiki, bai tambaye ta komai ba. Ni ya juyo wa da biro a hannu, ya ce na bar gurbin suna a fom ba a cike ba, in faɗa masa sunan gwaggon. Sai a lokacin na tuna ban ma san sunanta ba. 'Yarta ce ta yanki kati ranar da aka kawo ta, ni kuwa kwana shida ina kawo abinci ina ce mata Mama, tsoron kaina bai bar ni na tambaya ba. Ita ce ta faɗi sunanta da kanta, ta ƙara da cewa a yi min haƙuri, ba mugu ba ne, kullum ina zuwa.

A baranda na faɗa masa komai. Ya ce tun a gareji ya gane, kuma tunda ban riga na karɓi kuɗin inshorar ba, gaskiya kawai zai rubuta, amma kamfani ba zai biya ba. Sai da na yi sati uku kafin na sayar da gawar motar da ɗan filina aka yi aikin. Ba a yanke ƙafar ba, alhamdu lillahi, sai dai jinkirin ya sa ta haɗe a karkace. Matar da ke saɓo doya a kafaɗa daga gona yanzu da sanda take zagaya gidanta.

Na koyi cewa rangwamen da na yi ta burga da shi ba daga aljihun kamfani ya fito ba, a ƙafar baiwar Allah nan aka cire shi. 'Yan'uwana masu rage hanya, in aka tambaye ku a wajen inshora ku faɗi abin da kuke yi da motar, ko da zai fi tsada, domin ba ku kaɗai ke ciki ba. Ni dai yanzu na san sunanta, na san na jikokinta, kuma duk ƙarshen wata ina zuwa gaishe ta a motar haya. Har yau in ta taso da sandar nan ta tarbe ni, ƙasa nake kallo.