Agogon da Aka Bari a Buɗe

Ina tankaɗen garin masara a tsakar gida, hantsi ya ɗaga, sai wan mijina ya shigo ba sallama. Bai taɓa yin haka ba. Ya tsaya kusa da randa ya ce motar da maigidana ya shiga da safe ta faɗi a hanyar Kaduna, gaba da Gauraka kaɗan, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce suna nan tafe da shi. Na ajiye rariyar a kan tabarma. Ban yi kuka ba a lokacin.

A waɗannan shekarun garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa. Muna haya a Kwamba, ɗaki biyu. Maigidana gyaran agogo yake yi, yana da ɗan tebur a bakin kasuwa. Yawancin aikinsa canja gilashi ne ko maɗauri, ko tayar da agogon tebur da ya daina ƙararrawa. Amma kwana huɗu kafin rasuwarsa ya dawo gida da wani agogon hannu a naɗe cikin hankici, ya ce wannan ba na bakin kasuwa ba ne.

Na wani abokinsa ne, Ibo mai sayar da kayan keke. Maigidana ya ce agogon na mahaifin mutumin ne, kuma shi ne kaɗai abin da mutumin ya fita da shi daga yaƙin basasa, a ɗinke cikin ƙugun wando. Irin wanda ba sai an murɗa shi kullum ba ne, motsin hannu ke tafiyar da shi. Ya ce kuɗinsa ya fi na sabon babur. Bai lalace ba, jinkiri kawai ya fara, don man cikinsa ya bushe. Sai an kwance shi gaba ɗaya, a wanke, a sa sabon mai, a mayar.

Ya ba ni labarin cinikinsu yana dariya. Da ya faɗi ladan aikin, mutumin ya ce shi da yake wanka kullum bai kashe haka a sabulu a shekara ba. Maigidana ya ce masa wankan kyauta ne, kuɗin na sanin inda kowane abu zai koma ne. Ni ma a raina na ga kamar kuɗin ya yi yawa, amma ban faɗa ba.

A ɗakinsa ya yi aikin, da safe, a hasken ƙofa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, yana ciro kayan cikin da hantsaki yana jerawa layi-layi. Akwai masu haƙora kamar ƙwayar gero, akwai noti da ba su kai ƙwayar yashi babba ba. Ya ce mini jerin shi ne littafinsa: na farkon fita shi ne na ƙarshen komawa. Ya hana ni shara a ɗakin, ya hana ni kaɗe tabarma kusa da ƙofar. Da ya ga man da yake da shi bai dace da irin wannan agogon ba, ya ce gobe zai je Kaduna ya dawo da yamma. Ya kife kwano a kan farantin ya fita.

Kafin azahar gida ya cika. Mata suka ce a kwashe kayan ɗakinsa, a nan za a yi masa wanka. Wata ta ɗaga kwanon ta ce wannan tarkacen fa? Na ji tsoro kada a zubar, ko wani ya taka. Na kama ƙyallen ta kusurwa huɗu, na juye komai cikin wani gwangwanin alewa mai murfi, na tura ƙarƙashin gadona. Na ji ƙararsu lokacin da suke zuba. A ganina a lokacin adanawa na yi.

Sai da aka dawo daga maƙabarta na gane abin da hannuna ya aikata. Wan mijina ya ce liman ya yi cigiya a wajen jana'iza: duk mai bin mamaci wani abu, ko wanda ya ba shi ajiya, ya zo ya faɗa, don kada a tsare shi a kai. Ya ce agogunan kasuwa duk za a mayar wa masu su, ya tambaye ni ko akwai wani abu a gida. Na ce akwai.

Ran kwana uku da safe na jawo gwangwanin na buɗe a bakin ƙofa. Akwai wata ƙaramar waya siririya kamar gashi, wadda na gani a naɗe tsaf a kan farantin. Yanzu ta warware ta sarƙe da haƙoran wani abu. Na rufe da sauri.

Mai agogon ya yi tafiya Anacha saro kaya, bai san an yi rasuwa ba. Kwanakin nan da na yi ina jiransa, duk sallamar namiji da na ji a zaure sai in ɗauka shi ne. Ina cikin takaba, ba ni da ikon fita neman wani mai gyara, kuma babu wani a garin da zai iya. Na yi tunanin ɗan sanda, na yi tunanin kotun alƙali. Abin da ya fi waɗannan tsorata ni shi ne maigidana, kwance a can, da amanar mutum a wuyansa, alhali shi ya bar kayansa a jere.

Na nuna wa wan mijina. Ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin, sannan ya ce a miƙa wa mutumin haka, a ce haka aka tarar. Ya ce ba wanda ke kai ƙarar mamaci, amma ni mai rai ce, kuma ba mu da abin biya. Ba mugun mutum ba ne, ni yake ji wa tsoro. Na ce to, Yaya. Kwana biyu ina juya maganar. Idan na yi shiru, mutumin zai tafi yana cewa abokinsa ya watsa masa agogon uba cikin gwangwani ya yi tafiyarsa. Haka kasuwa za ta ji.

Ran kwana tara mai agogon ya zo. Suka zauna a zaure da wan mijina, ni ina tsaye bayan ƙofar ciki a lulluɓe. Ya yi gaisuwa da Hausarsa mai nauyi, ya ce a tasha ya ji, bai ko je shago ba. Bai tambayi agogo ba. Wan mijina ne ya ajiye gwangwanin a gabansa, ya fara cewa haka muka tarar.

Na ce, "Yaya, ba haka aka tarar ba."

Na ƙara matsowa jikin ƙofar. Na ce, "Oga, shi a jere ya bar maka kayanka, a kan faranti, a rufe. Ni ce na juye su. Ya hana ni taɓawa, na taɓa."

Na ji ya buɗe murfin. Sannan ya tambayi abin da ya kai maigidana Kaduna. Wan mijina ya ce mai ya je saye. Mutumin ya ce man me? Kafin a amsa masa ya gane da kansa.

"Na ce masa ya sa wanda yake da shi," in ji shi. "Ya ce ba zai sa wa agogon babana man keken ɗinki ba."

Ya fyace hanci a hankici. Na ce ina roƙonsa abu ɗaya, ya yafe wa mamacin.

"Madam, ba komai."

"Ba haka ba, Oga. Ka ce ka yafe masa."

Wan mijina ya yi masa bayanin dalili a hankali. Sai ya ce, "Abokina bai yi mini laifi ba. Amma na yafe masa. Ke ma na yafe." Ya fito da ladan aikin da suka yi ciniki zai ajiye, na ce ba a gama aikin ba, ba za mu karɓa ba. Ya mayar aljihu, ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu ya fita.

Daga baya wan mijina ya ji a kasuwa cewa mutumin ya kai agogon Kaduna, aka ce masa siririyar wayar ta mutu, kuma akwai abin da babu a ciki, sai dai a aika ƙasar waje. An ce kuɗin da aka yanka masa ya ninka na maigidana sau da yawa. Ban san ko ya aika ba. Kafin in fita takaba ya tashi daga garin, wasu suka ce Minna, wasu suka ce gida ya koma.

Ranar da nake haɗa kayana zan koma gidanmu, na ɗauko farin ƙyallen nan zan wanke. A cikin kalmasar bakinsa na ji wani abu ya soki yatsana. Wani ɗan ƙarfe ne mai ƙahoni biyu, da jajayen duwatsu ƙanana a bakinsu, bai kai farcen jariri ba. Na naɗe shi a takarda na sa cikin adakata. Na sa an yi cigiyar mutumin a wajen 'yan'uwansa na kasuwa, an ce za a aika masa, ba a dawo mini da amsa ba.

Yana nan cikin adakar. Har yau ban mayar masa da shi ba.